Julie Andrews da muryar da ba a iya arowa

Duk wanda ya taɓa ganin fim ɗin nan na 1965 da wata mata ke juyi a kan tudu mai ciyawa, ta ware hannuwa tana waƙa duwatsu a bayanta, to ya san fuskar Julie Andrews ko da bai riƙe sunan ba. The Sound of Music kenan. Yawancin masu kallo sun ɗauka 'yar fim ce da Allah ya ba ta waƙa, alhali ba haka abun yake ba, mawaƙiyar dandamali ce wadda fim ya zo ya ɗauka daga baya. Kuma in mutum bai gane bambancin dandamali da fim ba, to ba zai gane manyan abubuwa biyu da suka faru da matar nan ba: me ya sa aka hana ta fim ɗin da kowa ya san nata ne a farkon shekarun 1960, sannan me ya sa tiyata guda ɗaya a 1997 ta rufe mata sana'ar da ta yi shekara 50 a kai.

Sana'ar tasu ga yadda take. Wasan daɓe ne ake yi a gaban mutane kai tsaye, labari na tafiya, ana magana sai a shiga waƙa, a yi rawa, a dawo magana, makaɗa kuma suna zaune a wani rami a gaban dandamalin suna kiɗa nan take, ba kaset ba. Cibiyoyinsa manya guda biyu ne, unguwar Broadway a New York da West End a Landan. Ƙa'idar ita ce wasa takwas a sati, dare shida sannan a kwana biyu ana ƙara na rana, wato a ranakun nan sau biyu za ki yi wasan awa biyu da rabi ko uku daga farko har ƙarshe. Ba darakta da zai ce a tsaya a sake. In murya ta kufce a tsakiyar waƙa to ta kufce a gaban mutum dubu da ɗaruruwa da suka biya kuɗin tikiti. In wasa ya karɓu kuma ba sati biyu ake yi a tashi ba, shekaru ake yi ana abu ɗaya, mura ko ba mura. Akwai dai wadda ake ajiyewa a gefe ta haddace komai don ta maye gurbi, amma mutanen da suka zo don sunanki ba ita suka zo gani ba, wasu ma kuɗinsu za su ce a maido musu. A shekarun 1950 kuma ba a maƙala ma 'yan wasa ƙaramar makirufo a jiki irin ta yanzu, muryarki ce za ta haye kan ƙarar makaɗa ta isa kujerar ƙarshe.

An haife ta ranar 1 ga Oktoba 1935 a garin Walton-on-Thames a Ingila, sunanta na yanka Julia Elizabeth Wells. Iyayenta sun rabu tana ƙarama lokacin yaƙin duniya na biyu, uwar, Barbara, mai kaɗa fiyano ce, ta auri wani mawaƙi ɗan Kanada, Ted Andrews, daga nan sunan Andrews ya samo asali. Shi ya fara koya mata waƙa, sai aka ji abun da ya fi ƙarfin yarinya 'yar shekara bakwai zuwa takwas, har aka kai ta wajen likitan maƙogwaro ya duba ya ce ai maƙoshinta kusan na babbar mace ne. Muryarta tana kai hawa huɗu a tsanin sauti, abun da mawaƙa ke kira octave, alhali yawancin mutane daga ƙasa zuwa sama ba sa wuce hawa ɗaya da rabi zuwa biyu. Aka haɗa ta da wata malamar waƙa, Lilian Stiles-Allen, kuma daga wajenta ta samo abun da ya zama tambarinta, wato fitar da kowace kalma tas, ko a sama can muryar take sai ka ji kowane harafi.

A Oktoban 1947, tana shekara 12, ta fito ita kaɗai a dandamalin London Hippodrome ta rera wata waƙar opera mai wuyar gaske. Bayan shekara ɗaya, Nuwamban 1948, ta yi waƙa a gaban Sarki George na shida a London Palladium. Mutane suna jin wannan sai su ce kai ta yi sa'a. Ni dai ina ganin akwai abun tausayi a ciki, don mijin uwar shaye-shaye ya ci ƙarfinsa, uwar ma daga baya ta faɗa, yarinya da ba ta kai 16 ba ita ke yawo gari-gari a jirgin ƙasa tana waƙa a ɗakunan wasa masu hayaƙin taba don a biya kuɗin gida a ciyar da ƙanne. Makaranta ma ba ta yi ta yadda ya kamata ba. Tun daga lokacin muryar nan ba ado ba ce a wajenta, ita ce gonar gidan.

Ta tsallaka Amurka a 1954, wasanta na farko a Broadway, The Boy Friend, an buɗe shi ranar 30 ga Satumba, saura kwana ɗaya ta cika 19. Daga nan ne marubuci Alan Jay Lerner da mai tsara kiɗa Frederick Loewe suka ɗauke ta a wasansu My Fair Lady, kuma a nan ne ya kamata a ɗan daɗe.

Labarin wasan na wata yarinya ce mai tallan furanni a titin Landan, Eliza, Turancinta na 'yan kasuwa ne mai kaushi, sai wani farfesan furuci ya ci alwashin zai gyara mata harshe har manyan gari su ɗauka 'yar sarauta ce. To ka duba abun da rol ɗin nan ke nema daga maƙogwaro ɗaya a dare ɗaya. A farkon wasa ihu take yi, tana tsiwa da ƙaraji da muryar titi, irin wadda ke kankare maƙoshi. Can ta shiga waƙar fushi da muryar ƙirji. Can kuma ta haura sama da siririyar murya mai tsabta, sannan ga doguwar magana ba kiɗa tsakaninta da namijin wasan. Ita da kanta ta sha faɗa cewa ba ta taɓa yin rol mai wahalar wannan ba. A lokacin gwaji ma ta kasa, waƙar ba matsala amma aktin ɗin ya ƙi zama, abokin wasanta Rex Harrison wanda ya girme ta da shekara 27 kuma tsohon hannu ne bai ɓoye cewa bai gamsu da ita ba. Darakta Moss Hart ne ya sallami kowa na kwana biyu, ya rage daga shi sai ita, suka bi wasan layi-layi, yana nuna mata inda take wasa kamar 'yar makaranta, inda take jin kunyar yin ihu, har Eliza ta fito. Aka buɗe ranar 15 ga Maris 1956. Wasan ya yi fitowa 2,717 a Broadway, wanda a lokacin babu wasan waƙa da ya taɓa kaiwa haka. Ita ta yi kusan shekara biyu a New York, sannan aka kai shi Landan a 1958 ta ƙara kusan shekara ɗaya da rabi. A tsakiyar wannan, a Maris 1957, ta yi Cinderella kai tsaye a talabijin ɗin CBS, mutum sama da miliyan 100 suka kalla a dare ɗaya.

Sai Jack Warner na kamfanin Warner Bros ya sayi izinin mayar da My Fair Lady fim a kan dala miliyan 5.5, kuɗin da ba a saba ji ba a lokacin. Ya ɗauki Rex Harrison, ya bar Julie Andrews, ya ba Audrey Hepburn rol ɗin a kan dala miliyan 1.

A nan mutane ke saurin cewa Warner bai da hankali. Gaskiya ba rashin hankali ba ne, lissafin kasuwa ne, kuma shi ne ainihin bambancin da na faɗa tun farko. A dandamali murya da jiki ba sa rabuwa, wadda ke tsaye ita ke waƙa. A fim kuwa ana iya raba su. Mu da muka taso da fina-finan Indiya da na Kannywood ba sai an yi mana dogon bayani ba, jaruma na motsa baki, wata can a situdiyo ita ta rera. To Warner ya zuba miliyoyi, yana neman fuskar da mutumin Tokyo da na Rum da na ƙauyen Amurka zai gani a fosta ya sayi tikiti, Hepburn na da wannan fuskar, Andrews ko fim ɗaya na sinima ba ta taɓa fitowa a ciki ba. Murya kuwa a ganinsa abun haya ce. Aka ɗauko Marni Nixon ta rera yawancin waƙoƙin, ita ce dai ta rera ma Deborah Kerr a The King and I a 1956, ta rera ma Natalie Wood a West Side Story a 1961. Inda Hollywood ta bambanta da Indiya, kuma a nan ne nake ganin rashin adalcin yake, a Indiya an san Lata Mangeshkar, sunanta na kan faifai, ana girmama ta fiye da jarumai da yawa. A Hollywood ɓoyewa ake yi, ba a sa sunan Nixon a jerin sunayen fim ɗin ba, ana so mai kallo ya yarda jarumar ce ke waƙa. Ita ma Hepburn an cuce ta, don ta yi ta koyon waƙoƙin, ta shiga situdiyo ta rera da zaton da muryarta za a yi amfani, daga baya aka cire kusan duka.

Shi kuma Walt Disney ya je ya kalli Andrews a wasan Camelot, wanda aka buɗe a 1960 ita da Richard Burton, ya bi ta bayan dandamali ya yi mata tayin Mary Poppins. Ta ce tana da juna biyu, ya ce zai jira. Ta haifi 'yarta Emma a Nuwamban 1962, aka yi fim ɗin, ya fito a 1964, shekara ɗaya da My Fair Lady. Zancen cewa ba muryar Hepburn ba ce ya riga ya fasu a jaridu, da aka fitar da sunayen masu takarar Oscar babu ita a jerin mata, Andrews kuma ta cinye kyautar a Afrilun 1965 da fim ɗinta na farko. Kafin nan a bikin Golden Globe ta tsaya a gaban kowa ta yi ma Jack Warner godiya a kan shi ne silar komai, ɗaki ya fashe da dariya har da shi. Amma fa kar a ɗauka Warner ya yi asara, fim ɗinsa ya ci Oscar takwas har da na fim mafi kyau, kuɗi kuma ya shigo. Kowa lissafinsa ya fita, sai dai duniya ta rasa ganin Elizar da aka gina wasan a kanta, yau abun da ya rage sai faifan waƙoƙin da 'yan guntayen da aka ɗauka a talabijin.

The Sound of Music ya biyo baya a 1965, aka ɗauki yawancin wajen a Salzburg da kewaye, ya ture Gone with the Wind ya zama fim mafi kawo kuɗi a lokacin. Wancan juyin a kan tudu da jirgi mai saukar ungulu aka ɗauke shi, mai kyamara na rataye a gefe, duk sanda jirgin ya juya iskarsa sai ta kayar da ita ƙasa ta tashi da ciyawa a baki a sake. Wani abu mai daɗi, Marni Nixon ta fito da fuskarta a fim ɗin nan a matsayin ɗaya daga cikin matan coci, kuma Andrews ta karɓe ta hannu biyu. Bayan nan kasuwar fina-finan waƙa ta faɗi, Star! a 1968 da Darling Lili a 1970 duk asara aka tafka. Ta auri darakta Blake Edwards a 1969, suka ɗauki riƙon yara mata biyu marayu daga Biyetnam, ta ɗan ja baya, sai a 1982 Victor/Victoria ya sake kai ta takarar Oscar karo na uku.

Wannan Victor/Victoria ɗin ne aka mayar wasan dandamali a Oktoban 1995, ta dawo Broadway bayan sama da shekara 30, tana da shekara 60 cif. Labarin mace ce mawaƙiya da ke shigar maza don ta samu aiki, kenan rabin dare tana danne murya ƙasa kamar namiji, rabi tana haurawa sama, sau takwas a sati. A 1996 aka sa sunanta a takarar Tony, babbar kyautar wasannin Broadway, ita kaɗai daga duk wasan, ta fito ta ce ba ta so tunda an tsallake sauran abokan aikinta. Wasan kuma a wuyanta yake rataye gaba ɗaya, mijinta ne darakta, sunanta ne ke sayar da tikiti, in ta huta ciniki ya sauka. Kusan shekara biyu tana wannan, murya ta fara dishewa, ta fara fashin wasa.

Sai a ɗan leƙa cikin maƙogwaron don a gane abun da ya biyo baya. Murya daga wasu 'yan tsoka biyu take fita, suna kwance gefe da gefe a cikin maƙoshi, a mace tsawon kowanne bai kai santimita biyu ba. Iska daga huhu ke bi ta tsakaninsu tana kaɗa su, in mace na magana suna haɗuwa su rabu wajen sau 200 a daƙiƙa ɗaya, in mai siririyar murya ta haura can sama kuwa har sau 1,000 suna kaiwa. Abun da ke sa su iya wannan kaɗawar wani shimfiɗi ne mai taushi da santsi da ke ƙarƙashin fatar sama, siriri ƙwarai. In aka matsa musu da aiki sukan yi ɗan ƙullutu a inda suke gogar juna, kamar kantar da fartanya ke fitar ma manomi a tafin hannu, kuma sau da yawa maganinsa hutu ne da gyara yadda ake fitar da murya, ba wuƙa ba. In kuwa aka yanka aka taɓa wancan shimfiɗin mai taushi, wurin zai warke amma da tabo, tabo kuma tauri gare shi, ba ya kaɗawa. Mutum zai ci abinci lafiya, zai yi numfashi, zai yi magana ko da da ɗan kaushi, a idon likita an warke. Waƙa ce kawai ba za ta fito ba.

A Yunin 1997, bayan ta bar wasan, aka yi mata aiki a wani babban asibiti a New York don a cire abun da aka ce ƙullutu ne mara cutar daji. An ce mata cikin sati shida murya za ta dawo. Sati shida ya wuce, shekara ta wuce, shekara biyu, shiru. Daga baya ita ta ce ba ma ƙullutun ba ne tun asali, wani rauni ne a tsokar da wahalar wasan ta jawo. A 1999 ta maka likitocin a kotu, aka sasanta a Satumban 2000 ba tare da an bayyana kuɗin ba. An sake yi mata wasu ayyukan tiyata a Boston wajen Dakta Steven Zeitels, ya samu ya gyara mata muryar magana, ta waƙa kuwa daga hawa huɗu ta koma 'yan sautuka na ƙasa-ƙasa. Shi wannan likitan ne ya yi ma mawaƙiya Adele aiki a 2011 kuma tata muryar ta dawo, ciwon nasu ba iri ɗaya ba ne, amma ya nuna cewa cire abu daga lafiyayyen wuri daban, gyara wurin da ya riga ya yi tabo daban.

Wallahi duk sanda na zo nan a tarihinta sai na ji wani iri. Matar da tun tana shekara 12 ba ta san kanta da wani abu ba sai waƙa, ta shiga ɗakin tiyata da ƙafarta don ta ƙara samun shekarun aiki, ta fito babu. Ta faɗa cewa sai da ta nemi taimakon masu ba da shawara kan baƙin ciki, kamar wadda aka yi ma rasuwa. Kuma ka ga dabarar nan ta Warner ba ta da amfani a nan, a dandamali ba a ɗauko wata ta rera miki daga bayan labule, ko da za a iya ma, mutanen da ke sayen tikitin Julie Andrews muryar suke saye. An ga haka ƙarara a 2010 da ta yi wani taro a O2 Arena a Landan, ta riga ta gaya ma mutane ba za ta iya kamar da ba, ta yi 'yan waƙoƙi kaɗan wasu mawaƙa suka ɗauki sauran, duk da haka wasu suka tashi suka fita suna ƙorafin kuɗinsu.

Abun da ya rage mata shi ne horon nan na Stiles-Allen, fitar da kalma tas, da sanin inda ake tsayawa a ja numfashi, kuma da shi ta ci gaba da cin abinci. Sarauniya Elizabeth ta ba ta lambar Dame a 2000. A 2001 ta fito a The Princess Diaries, yaran da ba su san ta taɓa waƙa ba suka san ta a matsayin kaka sarauniya. Ta ba da murya a katun irin su Shrek 2 da Despicable Me, daga 2020 kuma ita ce muryar da ke ba da labari a shirin Bridgerton na Netflix, ba a ganin fuskarta ko sau ɗaya. Ita da 'yarta Emma sun rubuta littattafan yara sama da 30. Ta kuma koma dandamali ta ɓangaren darakta, a 2003 ta shirya The Boy Friend a wani ƙaramin gidan wasa a Sag Harbor da ke jihar New York, a 2016 kuma, shekara 60 bayan buɗewar farko, kamfanin Opera Australia ya kira ta ta shirya My Fair Lady a gidan opera na Sydney, tana da shekara 80, aka maido da tsarin kaya da na dandamali irin na 1956, kuma tikitin ya yi cinikin da gidan bai taɓa gani ba.